Alƙalami a Gefen Dara: Darasin Gasar Ces ga Gwandu da Kalgo

Duk wanda ya taɓa leƙa zauren da ake babbar gasar ces, watau darar nan mai gida 64 wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne shirun da ke wurin. Mutum biyu ne zaune, allo a tsakaninsu, ga agogo mai fuska biyu a gefe; kowa ya tura ɗansa sai ya danna nasa ɓangaren don lokacin abokin karawarsa ya fara tafiya. Wasa ɗaya yakan ci awa huɗu, wani lokaci shida, ba wanda ya ce uffan. Amma akwai wasu ƙananan abubuwa biyu a kan teburin waɗanda 'yan kallo ba su cika kula da su ba, su ne takarda da alƙalami. Dokar Hukumar Ces ta Duniya, FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, ta wajabta wa kowane ɗan wasa a irin wannan gasa ya rubuta kowane taku, nasa da na abokin karawarsa, ɗaya bayan ɗaya. In an tashi su sa hannu, a miƙa wa alƙalin wasa.

Wannan takarda ita ce ta mayar da ces ilimi. Ita ce kuma ya kamata samarin Gwandu da ɗaliban da ke karatu a Kalgo su fara ara daga wannan wasa, tun kafin su kai ga haddace sunayen Turawan da suke gani a wayoyinsu. Dalili kuwa, a ƙasar Kabi akwai dara ta gado wadda zurfinta ya isa a yi mata irin wannan hidima, amma har yau a kan rairayi ake yin ta, in an watse iska ta share.

Buɗi da sunayensa

Abin da 'yan ces ke kira buɗi shi ne takun farko na wasa, kamar goma zuwa goma sha biyar, lokacin da kowane ɓangare ke fito da mayaƙansa yana jera su. Mai fararen 'ya'ya ne ke farawa, kuma zaɓi 20 ne a gabansa: 16 na dakaru, 4 na dawaki. Mai baƙaƙe ma 20 gare shi. Ke nan bayan taku ɗaya ɗaya akwai hanyoyi 400, bayan taku biyu biyu kuwa sun kai 197,281. A 1950 masanin lissafi Claude Shannon na Amurka ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya yi ya kai lamba 1 da sifiri 120 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta ƙidaya wannan. Sai dai mafi yawan waɗannan hanyoyi shirme ne, ba mai hankalin da zai bi su. Kamar yadda daji ke da faɗi amma shanu burtali suke bi, haka gwanaye suka taƙaita a kan 'yan hanyoyin da gwaji ya nuna suna kai mutum ga riƙe tsakiyar allo, da fito da dawaki da giwaye da wuri, da ɓoye sarki a lungu.

Kowane burtali da sunansa. Akwai Buɗin Sifen, wanda ake kira da sunan Ruy Lopez, wani limamin kirista da ya yi bayaninsa a littafinsa na 1561. Akwai Kariyar Sisiliya, wadda ita ce amsar da manyan gwanaye suka fi bai wa wanda ya fara da dakaren gaban sarki. Akwai wanda za a iya kira Ƙoton Sarauniya, inda fari ke miƙa dakare ɗaya kamar yadda masunci ke sa ƙoto a ƙugiya, don ya sami fili a tsakiya. Daga 1974 wani kamfanin ɗab'i a birnin Belgared ya fara fitar da kundin buɗi mai juzu'i biyar, ya rarraba su gida 500, daga A00 zuwa E99. Wanda ya karanta ilimin halittu zai ga kamannin wannan da aikin Linnaeus na rarraba tsirrai da dabbobi dangi dangi: ga uwa, ga rassa, ga rassan rassa. Kuma saboda an tara miliyoyin wasanni a rubuce, yau an san, ba da ƙiyasi ba, cewa fari yakan kwashi kimanin kashi 54 zuwa 55 cikin 100 na maki a wasannin gwanaye. Fara taku yana da riba, an kuma auna ribar.

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka fara wannan aiki. Daga Indiya wasan ya taso, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, kuma a Bagadaza aka fara rubuta iliminsa. Al-Adli ya yi littafinsa wajen shekarar 840, as-Suli wanda ya rasu a 946 ya zo ya ɗora. A shaɗaranjin wancan zamani 'ya'ya ba su da saurin tafiya, don haka kowane ɗan wasa yakan ɗauki lokaci yana jera rundunarsa cikin wani tsari da suke kira ta'abiya, watau shirin yaƙi. Sun raɗa musu sunaye, irin su Mujannah, mai fikafikai, da Sayyal, mai malala kamar ambaliya. Har yau gwanayen Rasha da na Indiya suna amfani da wannan kalma ta ta'abiya ga wurin da sanannen buɗi ya ƙare, tunani ya fara. Hatta tsarin rubuta taku da harafi da lamba, wani mutumin Halab ne, Philipp Stamma, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa na 1737.

Wasan ya iso yankin nan ma. A shekarun 1930 wasu jami'an mulkin Ingila sun rubuta cewa a Barno akwai shaɗaranji da ake kira tsatsarandi. Abin da ya rage a littattafai game da shi shi ne bayanin 'ya'yansa da yadda suke tafiya. Wasannin da gwanayen Barno suka buga, da dabarun da suke buɗewa da su, sun tafi tare da masu su. As-Suli ya riga su da shekara dubu, amma har gobe ana iya shimfiɗa allo a warware matsalolin da ya bari.

Yadda buɗi ke rayuwa da mutuwa

Abin da ya fi ban sha'awa ga mai nazarin halittu shi ne, buɗi yana tashe, ya dushe, ya sake dawowa, kamar yadda yawan wasu halittu ke hawa da sauka a daji. Misali mafi shahara shi ne na shekarar 2000 a Landan, inda Garry Kasparov, wanda ya shekara 15 yana riƙe da kambun duniya, ya kara da Vladimir Kramnik. Kasparov ya yi suna wajen kai farmaki da fararen 'ya'ya, kuma ba wanda ya kai shi shiri. Sai Kramnik ya tono wani tsohon reshe na Buɗin Sifen da ake kira Kariyar Balin, wanda aka yi yayinsa a ƙarni na 19 aka yar. A wannan reshe, tun a taku na takwas ake musayar sarauniyoyi, sarkin baƙi ya rasa damar ɓuya, kowa na ganin baƙi ya sa kansa a wahala. Sau huɗu Kramnik ya kafa wannan katanga, sau huɗu ana tashi kunnen doki. Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba a duk karawar, ya sha kaye da maki 8½ da 6½. Bayan nan kowa ya koma Balin, masu fari kuma suka shiga neman hanyar kauce mata.

Ƙarfin Balin a wannan shekara ba daga ingancinta kaɗai ya zo ba, har da ƙarancin masu yin ta. A Tafkin Tanganyika akwai wani ƙaramin kifi mai suna Perissodus microlepis, wanda abincinsa ɓawon jikin sauran kifaye ne. Yakan lallaɓo ta baya ya yagi ɓawo ya gudu. Wasu daga cikinsu bakinsu ya karkata dama, wasu hagu, kuma kowane iri gefe ɗaya yake iya kai hari. Masanin halittu Michio Hori na Japan ya bi su kimanin shekara goma, ya buga sakamakonsa a 1993. Ya gano cewa idan iri ɗaya ya yi yawa, kifayen da ake cizo sukan koyi tsare wannan gefen, sai irin da ya yi ƙaranci ya sami abinci a sauƙaƙe, ya hayayyafa, har shi ma ya yi yawa, a juyo a tsare nasa gefen. Haka adadinsu ke ta lilo a kusa da rabi da rabi. Masuntan Argungu ba za su yi mamakin wannan ba, don sun san kifi yakan gane tarko.

A 1973 Leigh Van Valen na Jami'ar Shikago ya kawo wani ra'ayi makamancin wannan, cewa halittun da ke gaba da juna tilas kowace ta yi ta sauyawa don kawai ta riƙe matsayinta. Abin dariya, sunan da ya ba ra'ayin, Jar Sarauniya, daga wata 'yar ces ya aro shi, wadda ke cikin wani littafin yara na Lewis Carroll. Mutanen fadamar Kabi sun ga wannan tsere da idonsu: kulorakwin ya daɗe yana maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙwayar cutar ta samo masa kariya, har a 2005 Nijeriya ta sauya shi da haɗin magungunan atemisinin. Sabon taku a buɗi kamar sabon magani ne, yana ci har ranar da aka gano makarinsa.

Abin lura shi ne, da Hori bai riƙa ƙidaya kifayen nan yana rubutawa shekara bayan shekara ba, da ba wanda zai ga lilon. Haka nan da ba a rubuta wasannin ƙarni na 19 ba, da Kramnik bai sami abin tonowa ba.

Haɗarin hadda

To, amma rubutu yana da nasa sharrin, kuma shi ne ya fi saurin kama ɗalibi. Yaron da ya koyi ces a waya yau, cikin mako guda zai ji sunayen buɗi ashirin, ya ga bidiyon da ke yi masa alkawarin cin kowa cikin taku goma. Sai ya haddace jerin taku kamar yadda yake haddace takardun malami daren jarrabawa. Ranar da abokin wasa ya kauce daga layin a taku na shida, sai a ga ya yi tsuru tsuru, don bai taɓa tambayar dalilin taku ko ɗaya ba. Malaman kimiyya sun san wannan ɗalibi sarai. Shi ne wanda zai zayyano matakan rabuwar ƙwayar halitta ba tuntuɓe, amma in aka sa masa saiwar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba zai nuna ko ɗaya ba.

Hadda takan ci amanar manya ma. Ranar 11 ga Mayu 1997, a wasan ƙarshe na karawarsa da kwamfutar Deep Blue a Niyok, Kasparov ya zaɓi Kariyar Caro-Kann, wadda ba ita ya saba yi ba. A taku na bakwai ya tura wani dakare wanda littattafai suka riga suka nuna yana ba fari damar sadaukar da doki ya rusa gidan sarki. Kwamfutar ba ta ko yi lissafi ba, ta ɗauko amsar daga taskar buɗin da aka zuba mata. A taku na 19 Kasparov ya miƙa wuya. Akasin wannan ya faru a garin a 1918, lokacin da Frank Marshall ya fito wa José Capablanca na Kuba da wani sabon farmaki da ya shirya a gida. Capablanca bai taɓa ganinsa ba, amma ya zauna ya warware shi a kan allo, ya kuma ci wasan. Farmakin yana da kyau, har yau ana yin sa da sunan Marshall. Fahimta ce dai ta fi shiri a ranar.

Masana halayyar ɗan Adam sun binciki abin da ya raba gwani da ɗan koyo. Adriaan de Groot na Holan a 1946, da William Chase da Herbert Simon a 1973, sun nuna wa 'yan wasa allo na 'yan daƙiƙoƙi, suka ce su sake jera shi da ka. In tsarin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan mayar da kusan duka, ɗan koyo kuwa 'ya'ya kaɗan. In kuwa warwatsa 'ya'yan aka yi barkatai, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ashe ba ƙwaƙwalwa ce ta fi girma ba, ma'ana yake gani, kamar yadda tsohon manomi zai dubi gonar shinkafa sau ɗaya ya ce ruwa ya yi mata yawa. Irin wannan ido ba ya samuwa sai ta yin wasa, da komawa a duba inda aka yi kuskure. Komawar nan kuwa ba ta yiwuwa sai da takarda. Gukesh Dommaraju na Indiya, wanda ya ci kambun duniya a Singafo a Disamban 2024 yana da shekara 18, mai horar da shi ya sha bayyana cewa ya nisanta shi daga injin lissafin ces har sai da ya zama babban gwani.

A can sama kuwa shiri ya yi yawa har ya fara shaƙe wasan. A karawar Magnus Carlsen da Fabiano Caruana ta 2018, duk wasanni 12 na dogon lokaci canjaras aka yi. Tun a 1996 Bobby Fischer ya hango haka, ya kawo wani salo da ake cakuɗa 'ya'yan layin baya ta hanyoyi 960 don hadda ta daina amfani.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya ga masu cewa ces na ƙara wa yaro basirar lissafi. A Ingila an gwada wannan a makarantun firamare 100, da yara kimanin 4,000, aka fitar da sakamako a 2016: ba a ga wani bambanci a jarrabawar lissafinsu ba. Wanda ya yi ces, ces zai iya. Ribar da ake nema a nan wata ce dabam, ita ce ɗabi'ar rubuta abin da ya faru, a ajiye, a dawo a tuhume shi. Wannan ɗabi'a ita ce ƙashin bayan kowane ɗakin gwaji.

Darar gida

Hausawa na kiran wasanni da dama dara. Wadda ake nufi a nan ita ce mai gurabu 30, layi biyar a tsaye shida a kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya karya tsinke ko kara. Littattafan wasanni da aka buga a Turai sukan danganta ta da Dakarkari, watau Lelna na ƙasar Zuru, Zabarmawa kuma suna kiranta dili, amma an san ta ko'ina a ƙasar Hausa. Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, ba a yarda kowa ya jera uku ba tukuna. In an gama, gurabu shida kaɗai suka rage babu kowa. Sa'an nan a fara turawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Babban burin gwani shi ne ya kafa tsarin da duk turawa ɗaya za ta rushe wani layi ta kuma gina wani, ya yi ta ci ba ƙaƙƙautawa.

Wannan kashi na farko, dashen 'ya'ya, shi ne buɗin dara, kuma ya fi kama da ta'abiyar Bagadaza fiye da buɗin ces na yau. Duk wanda ya zauna kusa da dattawa masu dara ya san tun a dashe ake cin wasa ko a faɗi. Saura cikawa ce. Lissafi ma ya nuna ba ƙaramin fili ba ne. Mai farawa yana da gurabu 30, na biyu 29, watau hanyoyi 870 bayan dashe ɗaya ɗaya, fiye da ninki biyu na 400 ɗin ces. Gaskiya ne da yawansu abu ɗaya ne in aka juya filin, don gurabu 30 ɗin nan iri 9 ne kacal idan aka lura gefen dama madubin hagu ne, sama kuma madubin ƙasa. Duk da haka, yawan hanyoyin da za a iya zaunar da 'ya'ya 12 da 12 a gurabu 30 ya haura tiriliyan 1.6, kafin dokar hana jera uku ta rage su. Wane gurbi ne cikin taran nan ya fi kyau a fara da shi? Shin mai fara dashe ne ke da riba, ko na biyu wanda ke ganin abin da aka yi kafin ya amsa? Tsofaffin gwanaye a Gwandu suna da amsoshinsu, kuma mai yiwuwa daidai ne. Sai dai amsar tana cikin ƙirji da yatsu, ba inda za a je a gwada ta da ta gwanin Zuru ko na Dosso. Kowane dattijo da ya kwanta dama, tasa ta'abiyar ta bi shi, jikokinsa kuwa suna can suna ludo a waya.

Abin takaicin ya fi yawa idan aka tuna wane gari ake magana. Gwandu ba baƙuwar alƙalami ba ce. Nan ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daular Usmaniyya a 1812, nan kuma ya rasu a 1829. Mutum ne da ya rubuta tafsiri, Liya'ut Ta'awili, ya rubuta nahawu da fiƙihu da tsarin mulki, ya kuma ajiye tarihin gwagwarmayarsu a Tazyinul Waraƙati. Saboda shi da ire-irensa ne ake sanin abin da ya faru a wannan ƙasa shekara 200 da suka wuce da rana da wata. Al'adar ajiye ilimi a takarda tana nan. Ba a dai taɓa miƙa ta ga abubuwan da ake ganin na talakawa ne ba, irin su dara, da sunayen tsoffin irin shinkafa, da ilimin masunta.

Akwai magana mai nauyi da ba za a tsallake ba. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a nan, ya ƙi shaɗaranji, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure ta hana shi. Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci. Hukunci na malamai ne, ba na masu nazarin halittu ba, kuma duk wanda zai shirya gasa a Gwandu wajibi ne ya fara zuwa gabansu ya shimfiɗa abin da yake nufi. Abubuwan da kowa ya haɗu a kan muninsu sanannu ne: caca, da shagala har salla ta wuce, da rantse-rantse da zage-zage, da magidanci ya wuni a gindin bishiya gidansa ba cefane. Waɗannan ne suka ja wa dara sunan wasan zaman banza, kuma ba ƙarya aka yi mata duka ba. Amma gasa mai agogo da alƙali, wadda ba kuɗin kowa a ƙasa, ake tashi in an kira salla, ita ce mafi nisa daga waɗannan aibobi. Wanda kuma ya zaɓi ya nisanci wasan gaba ɗaya, ba abin da zai hana shi nazarin rubutattun wasanni a matsayin matsalar lissafi.

Aikin da ke jiran Kalgo

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma tana da ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Ga abin bincike a ƙofar gida. Ba ya bukatar sinadari daga waje, ba ya bukatar firji ko janareta. A sa wa layuka shida haruffa a zuwa f, biyar ɗin kuma lamba 1 zuwa 5, kamar yadda ake yi a ces. Dashe a rubuta shi c3, turawa c3-c4, ci kuma a ƙara gurbin ɗan da aka cire. Yaron sakandare zai koyi wannan kafin shayi ya huce.

Matakin farko ba gasa ba ne, tattara dokoki ne, domin dara ta bambanta daga gari zuwa gari: ko layin huɗu yana ci, ko ana iya cire ɗan da ke cikin layin uku, ko filin biyar da shida ne ko shida da bakwai. A rubuta kowane salo da sunan garinsa da kalmomin da masu shi ke amfani da su, kada a yi gaggawar soke wani don a daidaita. Bayan nan sai gasa, da rani bayan an kai amfanin gona gida, ɗalibi ɗaya zaune a gefen kowane fili da takarda, dattawa na wasa yana rubutawa. Tsarin dashen da wani gwani ya shahara da shi a sa masa sunansa ko na garinsa, in ya yarda, kamar yadda Sifen da Sisiliya da Balin suka sami nasu. Tunde Onakoya ya nuna a unguwannin talakawan Legas tun 2018 cewa allo da 'ya'ya sun isa su jawo hankalin duniya ga yaran da ba wanda ya san da su. A nan ko allon ba sai an saya ba.

Wasanni irin wannan sun riga sun shiga ɗakunan bincike a wasu wurare. A 2002 John Romein da Henri Bal na Amsterdam sun warware awari, 'yar'uwar ayo da darar nan mai gida 12, bayan kwamfutocinsu sun bi yanayi 889,063,398,406, suka tabbatar cewa in duka biyu ba su yi kuskure ba canjaras za a tashi. A 2007 Jonathan Schaeffer na Kanada ya yi wa daraf mai gida 64 haka, sakamakon kuma iri ɗaya. Amma kwamfuta amsar ƙarshe kaɗai take bayarwa, ba ta faɗin yadda mutanen Gwandu suka yi tunani a kan filin. Wannan sai daga wasanninsu. Idan gasa ɗaya ta tara 'yan wasa 32, kowa ya yi zagaye bakwai, an sami wasanni 112 a rubuce. A yi haka a Gwandu, a yi a Kalgo, a yi a Zuru, cikin rani uku an haura 1,000, kuma wannan adadi ya isa ɗalibin ƙididdiga ya fara faɗin ko mai fara dashe yana da riba, da kuma wanne cikin gurabu taran nan gwanaye suka fi sa ɗansu na farko.